Yadda Ake Kai Koke Idan Banki Ya Cire Kuɗi Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, a wannan darasi ina so mu duba yadda ake rubuta wasiƙar koke ga banki. Na zaɓi wannan batu ne saboda kusan kowane ɗalibi yana da asusun ajiya, kuma sau da yawa alat yakan shigo waya a ga an cire naira 50 ko 100 ba tare da bayani ba. Mutane sukan ƙyale don kuɗin kaɗan ne, amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi ke cika.

Kalmomi Uku

Da farko mu bambance kalmomi uku da mu masu koyon Hausa muke yawan cakuɗawa. Ƙorafi shi ne nuna rashin jin daɗi, ko da a bakin ƙofar banki ne. Koke shi ne kai damuwa gaban wanda zai iya share hawaye. Ƙara kuwa a kotu ake shigar da ita. Saboda haka mukan ce "ya yi ƙorafi", "ya kai koke", "ya shigar da ƙara". Ƙorafi ba ya dawo da ko kwabo. Rubutaccen koke ne yake dawo da kuɗi.

Sanin Ƙa'ida

Kafin ka zargi banki, ka tabbata abin da aka cire ya saɓa wa ƙa'ida. Babban Bankin Nijeriya ne yake ƙayyade cajin da bankuna za su karɓa. A jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, tura kuɗin da bai wuce naira 5,000 ba ladansa naira 10 ne, daga 5,001 zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura haka naira 50. A wannan jadawalin na 2020, kuɗin kula da katin ATM na asusun ajiya naira 50 ne a kowane wata uku. A watan Maris 2025 an sauya cajin cirar kuɗi a na'urar wani bankin zuwa naira 100 a kan kowace naira 20,000. Tun da ƙa'idojin suna canzawa, ka gwada kowane caji da ƙa'idar lokacin da aka cire shi. Ka kuma lura cewa wasu kuɗin haraji ne na gwamnati, kamar harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan cajin.

Matakai

1. Ka nemi takardar bayanin asusunka, ka ja layi ƙarƙashin kowane cajin da ba ka gane ba.
2. Ka rubuta wa bankinka koke, ka ajiye kwafi, ka karɓi lambar koken.
3. Ka ba su mako biyu. Koken caji fiye da kima yana iya kai kwana 30.
4. Idan ba a biya maka buƙata ba, ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Nijeriya a Abuja, wanda aka kafa a 2012. Ka haɗa da kwafin wasiƙarka ta farko, domin sai sun ga shaidar ka fara zuwa bankinka.

Kada ka taɓa rubuta lambar sirrin katinka a cikin koke.

Misalin Wasiƙa

Zuwa ga Manaja,

KOKE A KAN KUƊIN KULA DA KATI

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa an cire mini naira 50 sau uku daga asusuna na ajiya, a watannin Afrilu, Mayu da Yuni na 2024, da sunan kula da kati. Bisa ƙa'ida sau ɗaya ake cirewa a wata uku. Ina roƙon a mayar mini da naira 100, kuma a ba ni lambar wannan koke. Ga kwafin bayanin asusun a haɗe.

Naka,
Wane

Abin Lura a Nahawu

Ku duba yadda aka yi amfani da "an cire" maimakon "kun cire" ko "kun sace". Wannan wakilin suna yana faɗar abin da ya faru ba tare da nuna wa kowa yatsa ba. Haka kuma "a mayar" ya fi "ku mayar" ladabi. Ku lura da "mini": "an cire mini kuɗi" daidai ne, "an cire ni kuɗi" kuskure ne.

Kammalawa

Gaskiya ne da Turanci akan rubuta wa bankunanmu, amma a nan ne amfaninmu yake. 'Yan kasuwar Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas da yawa da Hausa za su faɗi damuwarsu, kuma suna buƙatar wanda zai saurara ya rubuta daidai. Aikin gida: ku rubuta koke a madadin mai sayar da albasa wanda ya tura naira 4,000 a 2024 aka caje shi naira 50.