Kunkuru ma yana mura

Mai kiwon kunkuru a Abuja, ka duba hancinsa yau. In ka ga kumfa ko majina, yana miƙa wuya yana buɗe baki, ya kuma daina taɓa ganye, ciwo ya kama hanyar numfashinsa. Kunkuru ba ya iya tari, abin da ya taru a huhunsa nan yake zama. Kai shi wurin likitan dabbobi, kada ka ɗura masa maganin yara.

Yawanci sanyi da laima ne sila. Babban kunkurun da muke kiwo ɗan Sahel ne, a rana yake samun ɗumin jikinsa. Mu kuwa sai mu ajiye shi kan tayil, a ɗaki mai AC, ko a lungun da ruwan Agusta ke kwanciya. Abin tausayi.

Yi masa busasshen makwanci da ciyawa. Rataya ƙwan fitila mai zafi a gefe ɗaya, wajen digiri 35, ɗaya gefen ya zama inuwa. Daren hunturu kada ɗumin ya gaza 21. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ƙarfafa ƙashinsa. Fito da shi ya sha hantsi kullum, ka ajiye ruwa kusa.