Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Maiduguri, har ya shiga asibitin koyarwa. A irin wannan rana majinyata sukan fi ma'aikata yawa. To, yaya malamai za su tabbata ɗalibin aikin jinya zai iya taɓuka wani abu ran da masifa ta auku?

Jarrabawar takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an gwada hannu. Akan tara mutane su kwanta kamar masu rauni, a shafa musu jan launi maimakon jini. Malami na tsaye da agogo da takardar maki.

Babban abin dubawa shi ne wa ɗalibi zai fara taimaka wa. Bisa wata hanya da aka ƙirƙiro a Amurka a 1983, bai kamata ya wuce minti ɗaya a kan mutum guda ba. Mai iya tafiya a sa masa alama koriya, mai iya jira rawaya. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ja, shi ne na farko. Wanda ba ya numfashi ko an buɗe masa hanyar iska, baƙa.

Nan ne da yawa kan faɗi, don sukan ruga wurin mai ihu. Alhali mai ihu yana numfashi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Saboda haka 'yan'uwa masu sha'awar wannan aiki, ku sani tausayi kaɗai ba ya ceton rai, sai an haɗa da natsuwa da yawan gwaji.