Wasan Yara Ba Ƙarya Ba Ne



A lungunan Nima da Maamobi kullum muna ganin ƙannenmu sun cika gwangwanin Milo da yashi, wai waakye suke sayarwa. Wani ya hau benci yana kiran "Circle! Circle!" kamar yaron trotro. Sai ka ji babba ya daka masa tsawa: "Kai, daina ƙarya!"

To, wannan ba ƙarya ba ce, hankali ne ke buɗewa. Wajen wata 18 yaro kan kai kofi baki alhali babu ruwa a ciki. A shekara 2 silifa ta zama waya. A shekara 3 suna raba matsayi: wannan malam, wancan ɗalibi. A 1993 masu bincike biyu, Paul Harris da Robert Kavanaugh, sun nuna cewa idan aka yi kamar an zuba wa abin wasa shayi, yaron da ya haura shekara 2 zai ce ya jiƙe, duk da idonsa na ganin a bushe yake. Ke nan ya san gaskiya, ya kuma san wasa.

A darasin hadisi mun karanta cewa Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, da Manzon Allah (SAW) ya gani, dariya ya yi.

Don haka idan ƙanwarka ta miƙo maka waakyen yashi, karɓa ka tambayi kuɗinsa. Mu dai kula kada yashin ya shiga baki.

Allah ya raya mana su.