Darasin Noman Rani: A Gyara Injin Ban Ruwa Tun Ɗari Bai Shigo Ba

Manoma ƴan'uwa, damana ta wuce, gero ya shiga rumbu. Yanzu hankali ya koma fadama. Tun bayan farin shekarar 1984, da gwamnati ta yi kira a dage da noman rani, gulbin Maraɗi ya zama rumbu na biyu ga mutanen Tsibiri da Jiratawa. A cikin ɗari ne tumatir da albasa da kabeji suka fi yin kyau. Amma in inji ya tsaya kwana huɗu a tsakiyar aiki, sai dashe ya ƙone, kuɗin iri da na taki su salwanta. Yawancin lalacewar inji daga sakaci take. Ga abin da za ku yi tun watan Oktoba.

1. Tsohon fetur. Injin da ya kwana a ɗaki duk damana, man da ke cikinsa ya yi danƙo, yakan toshe kabureta. Ku tsiyaye shi sarai. In fetur na kwalba kuka saya, ku tace shi da tsabtataccen ƙyalle kafin ku zuba.

2. Baƙin mai. Ku juye tsohon tun inji yana da ɗumi, ku zuba sabo. Sabon inji ana sake masa mai bayan awa 20 na aiki, daga nan sai kowace awa 100. Wanda ke ban ruwa awa 4 a yini, kwana 25 ke nan. Ku rubuta ranar a littafinku, wannan yana cikin amfanin karatun da kuka yi. Kowace safiya ku duba mai, inji yana zaune daidai, ba a karkace ba.

3. Matacin iska. Hunturu da ƙura yake zuwa. In mataci ya toshe, inji zai riƙa baƙin hayaƙi, ya sha mai da yawa. In na soso ne, ku wanke shi da ruwa da sabulu kowane mako, ya bushe sosai kafin a mayar. Kada ku tayar da inji babu mataci.

4. Buji, wanda wasu ke kira fulogi. Ku kwance shi, ku goge baƙin da ke bakinsa. Ku ajiye guda ɗaya sabo a gona. Da sanyin safiya ku rufe cok kafin ku ja igiya, ku buɗe shi da zarar inji ya tashi, ku bar shi ya yi ɗumi kaɗan.

5. Famfo da tiyo. Ku cika cikin famfo da ruwa kafin tayarwa. In ya juya a bushe, robar da ke tare ruwa ta ƙone. Ku duba tiyo, ƙaramar huda tana hana shi jan ruwa. Ku ɗaura rariya a bakinsa, kada ta taɓa ƙasan rijiya, don yashin gulbi yana cinye farfelar famfo.

Sai babban gargaɗi. Irin wannan inji ba ya jawo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8. Saboda haka in ruwa ya ja ƙasa, wasu sukan haƙa rami su saukar da inji. Hayaƙinsa yana da guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana taruwa a cikin rami, tana kisa. Kada ku zauna a ramin inji yana aiki. Kada ku aika yaro ciki. Kada kuma a tayar da inji cikin bukka don jin ɗumi.

Tambayoyi domin tattaunawa a ajinku: Yaushe kuka sake baƙin mai na ƙarshe? In inji ya yi awa 5 a yini, bayan kwana nawa za a sake masa mai? Wane ne a garinku ya iya gyara, har ya koya wa matasa?

Allah ya ba mu rani mai albarka.