Darasi na Bakwai: Zaɓen Na'urar Ajiyar Wuta da ta Dace da Kwamfutar Gida

Gabatarwa

Ɗalibin kwalejin ilimi ba ya rabuwa da kwamfuta, ko da kuwa Hausa yake nazari. Da ita yake buga jinga da shirin darasi da kundin kammala karatu. Wannan darasi zai yi bayani a kan na'urar ajiyar wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira UPS, da kuma yadda ake lissafa girman da ya dace kafin a saya. Za a ɗauki misali daga Kusfa, tsohuwar unguwar malamai da ke cikin ganuwar birnin Zariya.

Matsalar wuta da aikin na'urar

Tun daga zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, har zuwa lokacin da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, ɗaukewar wuta ba ta daina zama abin yau da kullum ba a ƙasar nan. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir a cikinta. Da zarar wuta ta ɗauke sai ta mutu nan take, duk rubutun da ba a adana ba ya salwanta. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ma'ajiyar bayananta tana iya lalacewa, kundin da aka yi wata shida ana bugawa ya bi ruwa.

Aikin na'urar ajiyar wuta shi ne ta riƙe kwamfutar na 'yan mintuna, domin mai aiki ya adana rubutunsa ya kashe ta cikin natsuwa. Iyakar abin da aka ƙera ta domin shi ke nan. A watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta, babu irin wannan na'ura da ta fid da kowa; wannan aikin janareta ne, ko inbata da faifan sola.

Lissafin nauyi

A ɗauka wani ɗalibi mazaunin Kusfa ya je Sabon Gari zai saya. A jikin kwali zai ga an rubuta 650VA ko 1200VA ko 1500VA. A nan ne mafi yawan masu saye suke tafka kuskure, domin suna zaton wannan adadi shi ne wat. Alhali a ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi, wat ɗin da suke iya ɗauka bai wuce kashi 60 cikin 100 na adadin VA ba. Ke nan mai lamba 650VA wat 390 ne iyakarta, wani lokaci ma 360.

Saboda haka, kafin ya bar gida sai ya tara wat na duk abin da zai jona. Ana samun adadin a takardar da ke liƙe a bayan kowace na'ura. Misali, uwar kwamfuta wat 120, siririn allo wat 30, sifika wat 10, jimilla wat 160. Sai ya ƙara rubu'in wannan adadi domin kada na'urar ta riƙa aiki a ƙurewar ƙarfinta, ya zama wat 200. Idan ya raba 200 da 0.6 zai sami kimanin 333VA. Mai lamba 650VA ta wadatar da shi har da rara. Amma idan tsohon allo ne mai tudun baya, irin wanda har yanzu ake gani a shagunan buga takardu, shi kaɗai yana shan kimanin wat 80, kuma lissafin zai haura 430VA.

Firintar lesa ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. A lokacin da take ɗumama kanta tana fizgar wat ɗaruruwa, ta kayar da na'urar tare da kwamfutar. A bango ake jona ta.

Lissafin lokaci

Lambar VA tana nuna nauyin da na'ura za ta ɗauka ne kawai; batirin cikinta ne ke yanke tsawon lokaci. Mai lamba 650VA galibi batir ɗaya gare ta, mai bolt 12 da Ah 7. Idan aka ninka 12 da 7 za a sami 84, wato a kan takarda zai ɗauki nauyin wat 84 na awa guda, ko wat 160 na kusan rabin awa. A aikace ba ya kai haka, saboda an auna ƙarfin batirin ne bisa sha a hankali na awa 20, kuma wani kaso yana ɓacewa wajen juya wutar batir zuwa bolt 230. Abin da ɗalibin zai sa rai da shi minti 10 ne zuwa 15, in batirin sabo ne. Wannan ya ishi mai adana rubutu. Wanda yake bukatar fiye da haka sai ya nemi mai batir biyu.

Akwai abubuwa biyu da takardar kamfani ba ta la'akari da su a wuri irin Kusfa. Na farko, batirin yana bukatar awa shida zuwa takwas kafin ya cika. Idan wutar awa biyu aka kawo, gobe da rabin ciki zai fara aiki. Na biyu shi ne zafi. An ƙiyasta rayuwar irin wannan batir, shekara uku zuwa biyar, a kan ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da rabi. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yana haura 35. A nan tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano tausaya wa batir, muddin ba a cusa na'urar a ƙarƙashin tarin littattafai inda iska ba ta ratsawa ba.

Auna fahimta

1. Wata malama tana da uwar kwamfuta mai wat 150 da allo mai wat 40. A lissafa mafi ƙarancin VA da take bukata.
2. Me ya sa ba a jona firintar lesa a na'urar ajiyar wuta?
3. A ƙirƙiro wani sunan Hausa da zai maye gurbin UPS, a kuma kawo hujjar zaɓensa.