Imel ya juye harshe? Kada a yi wa wayar filashin, kada a buɗe sabo

A shagon kwamfuta nake aiki a nan Danchadi: buɗe wa mutane imel, cike fom, fitar da takardu, da warware saitin waya idan ya cuɗe. Akasarin masu zuwa wurina mutanen ƙauyukan Boɗinga ne da na ɓangaren Shagari, kuma cinkoson ya fi yawa a farkon shekara, lokacin rajistar JAMB. Cikin koke-koken da nake ji akwai ɗaya da ya tsaya mini a rai, domin ƙaramin abu ne amma yana jawo wa mutane babbar asara. Mutum zai miƙo waya ya ce imel ɗinsa ya lalace. In na duba sai in tarar lafiyarsa ƙalau, harshen da yake nuna rubutunsa ne kawai ya juye, ya koma Faransanci ko Larabci, wani lokaci ma rubutun mutanen Sin. Gyaran ba ya cin minti biyar. Ɓarnar tana cikin abin da mutum ya riga ya aikata kafin ya iso wurin mai gyara.

A yankinmu ba abin mamaki ba ne waya ta zo da baƙon harshe. Wadda ta shigo ta Illela daga Birnin Ƙonni, Faransanci ne a kanta. Wadda alhaji ya yo tsarabarta daga Makka, ko ɗan'uwa mazaunin Jidda ya aiko, da Larabci take zuwa. Ga wadda aka saya a hannun wani ba a tsaya an duba saitinta ba, ga kuma yara da ke ɗaukar wayar mahaifiyarsu su yi ta latse-latse.

Amma akwai wani dalilin da ya fi waɗannan rikita mutane, kuma son Hausa ne yake kawo shi. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma da yawansu suna da Hausa cikin harsunan waya. Tun fitowar Android 7 a 2016, waya takan riƙe jerin harsuna, na ɗaya, na biyu, na uku. Kowace manhaja takan duba jerin daga sama, ta ɗauki na farkon da ta iya. Manhajar Gmail ta waya harshen wayar take bi, kuma duk dubawar da nake yi ban ga Hausa a cikin harsunanta ba. To in mutum ya ɗora Hausa a sama, na biyu kuma Faransanci ne da wayar ta zo da shi, sai saitin waya ya riƙa yi masa Hausa, imel kuma ya tsallake ya kama Faransanci. Mai wayar ya ga abu biyu sun saɓa, ya ce ai an yi masa kutse. Maganinsa shi ne a bar Hausar a inda take, a gyara na biyun ya zama harshen da mutum yake karantawa.

Yadda ake yi kuwa, a nemi alamar nan mai kama da ƙafar inji mai haƙora, ita ce saitin waya ko da wane harshe aka rubuta sunanta. Da Turanci Settings ne, da Faransanci Paramètres, da Larabci الإعدادات. A sauka can ƙasa zuwa System, wato Système ko النظام, a shiga wurin harsuna, inda za a ga Languages ko Langues ko اللغات. A wayoyin Samsung yana ƙarƙashin General management ne. Layin da ke da alamar tarawa shi ne na ƙara harshe. A nan akwai sauƙin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kowane harshe da sunan kansa aka rubuta shi, don haka ko wayar tana rubutun Sin, English yana nan a matsayin English, Hausa tana nan a matsayin Hausa. A zaɓa, sannan a danne shi da yatsa a ja shi sama zuwa matsayin da ake so. Wanda ba a buƙata a cire shi daga jerin gaba ɗaya, don kada ya sake dawowa.

A kwamfuta hanyar daban ce, domin can Gmail yana da nasa saitin harshe. Alamar saitin tana sama ta hannun dama, amma in Larabci ne shafin duka yakan juye, sai a same ta a hagu. A danna ta, a danna layin farko da ya bayyana mai buɗe dukan saiti. Shafin da zai buɗe, abu na farko a cikinsa shi ne harshe. A zaɓa, sannan a gangara har ƙarshen shafin a danna Save Changes. Wannan matakin na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, mutum ya zaɓi harshe ya fita, ya dawo ya tarar ba abin da ya sauya. Harshen asusun Google gaba ɗaya kuma ana samunsa kai tsaye a myaccount.google.com/language. Masu Outlook su ma alamar saitin za su bi, su shiga General, su nemi Language and time.

Abu uku ne nake so a rarrabe, don haɗa su ne yake sa tsoro. Akwai harshen fuskar manhaja, wato sunayen maɓallai da akwatuna. Akwai harshen da aka rubuto wasiƙar da shi. Akwai kuma kibod ɗin da ake rubutu da shi. Sauya na farko ba ya taɓa wasiƙa ko ɗaya, ba ya goge hoto, ba ya canza adireshi ko kalmar sirri. Kamar sake wa rumbu jinka ne, hatsin da ke ciki yana nan yadda aka zuba shi. Kibod kuwa shi ne yake sa a ce kalmar sirri ta daina aiki. In yana kan Larabci, haruffan da yake bugawa daban ne da waɗanda aka yi rajista da su, kuma da yake ɗigo-ɗigo ne ake gani a wurin, mutum bai san abin da yake shigarwa ba. A taɓa alamar duniya da ke kusa da dogon maɓallin tazara, ko a danne dogon maɓallin, a koma boko. Gboard yana da kibod na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, kuma ina sa wa duk wanda ya nema, sai dai adireshin Gmail ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa, haruffan boko na Turanci ne da lambobi da ɗigo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hanya biyu mutane suke bi in harshe ya juye, duka biyun kuma asara ce.

Ta farko, a kai waya a ce a yi mata filashin. Lambobin da ba a adana a asusu ba sun tafi, hotuna sun tafi, saƙonnin WhatsApp da ba a yi wa ajiya ba sun tafi. Bayan haka, tun Android 5.1 na 2015 akwai wani makullin tsaro da aka sa don maganin ɓarayin waya: in aka goge waya ba a fara cire asusun Google da ke kanta ba, da ta tashi sai ta nemi wannan imel ɗin da kalmar sirrinsa. Wanda wani ne ya buɗe masa imel bai taɓa riƙe kalmar ba, sai ya wayi gari wayarsa ta kansa ta kulle masa ƙofa. Ya biya kuɗin filashin, ya sake biyan kuɗin buɗewa, a kan abin da latsawa huɗu ko biyar za ta gyara.

Ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ba a ganin illarta sai an daɗe. Mutum ya ce a rabu da wancan, a buɗe masa sabo. Imel a yau ba wurin gaisuwa ba ne. Ɗalibin da ya yi rajistar JAMB, wadda tun 2021 sai da lambar NIN, da wannan adireshin da layin wayarsa hukumar ta san shi, kuma hukumar kanta tana gargaɗin ɗalibai su yi amfani da nasu na kansu su kuma tsare su. Haka masu neman lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, haka masu zuwa bautar ƙasa, haka banki. Duk saƙon da za su aiko, tsohon akwatin zai faɗa. Kuma Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Wanda ya yi watsi da akwatinsa yana iya dawowa nema ya tarar babu shi.

Wani dattijo ya taɓa zuwa da ɗiyarsa, tana jiran saƙo daga wata makaranta a Sakkwato. Ya ajiye wayar a kan tebur, sikirinta a tsage ta kusurwa, an ɗaure murfin da roba.

"Malam, duba muna wayag ga. Ƙawayenta duk sun ga nasu, ita shiru."

Na tambayi yarinyar ko wannan ne imel ɗin da ta cike fom da shi. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a, wancan ya koma yaren Nijar, shi ne aka buɗe mata wani. Allah ya taimaka ta rubuta kalmar sirrin a bangon littafinta na Islamiyya. Muka shiga. A sama an rubuta Boîte de réception, a ƙasa ga saƙon makarantar da Turancinsa, da baƙin rubutu mai kauri alamar ba a taɓa buɗe shi ba, kwanakin da aka ba su kuma saura kaɗan.

"Baba, ga shi nan. Ya daɗe da zuwa."

Ya ce alhamdu lillahi, ya ce in nuna mata yadda aka yi da hannunta, kada ta sake jiran kowa. Na miƙa mata wayar, ita ta ja harshen sama da yatsanta.

Sai maganar wane harshe ya kamata a sa. Abokan sana'ata da yawa Turanci suke sa wa kowa ba tambaya, ni kuma ban yarda da haka ba. Nan ƙasar malamai ce. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga, kuma har yau akwai mutane birjik da Larabci ya fi zauna musu a ido fiye da boko. Malamin zaure da ke karantar da Iziyya da Risala, in aka sa masa Gmail da Larabci, da kansa zai gane akwatin shiga da na aikawa da wurin goge saƙo, ba sai ya kira almajiri ya miƙa masa kalmar sirrinsa ba. Mutumin Nijar da ya yi lakwal, a bar masa Faransancinsa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wane rubutu kake karantawa ba tare da an taya ka ba? Gargaɗin tsaro da Google ke aikowa in wani ya shiga asusu da harshen asusun yake zuwa, kuma gargaɗin da mai shi bai iya karantawa ba, share shi zai yi.

Hausa kam tana shiga sannu a hankali. Microsoft ya yi kunshin Hausa na Windows tun zamanin Windows 7, Google Translate ya karɓe ta a Disambar 2013, Facebook kuma a 2016. A jerin harsunan Gmail akwai Swahili da Zulu da Amharik da Afirkans, kuma ina fatan ganin ranar da Hausa za ta zauna tare da su, don na san yawan waɗanda hakan zai 'yantar daga jiran mai karanta musu. Kafin nan, tun Agustan 2023 manhajar Gmail ta waya tana da wurin fassara wasiƙa, ko kuma a kwafi rubutun a kai Google Translate a zaɓi Hausa. Yana taimakawa wajen gane inda saƙo ya dosa. Amma kwanan wata da adadin kuɗi da sharaɗi, a koma a dube su a asalin wasiƙar, in da hali a nuna wa wanda aka amince da shi.

Ga 'yan'uwana masu shago, in za mu buɗe wa mutum imel, lambar wayarsa za mu sa a wurin maido da asusu, ba tamu ba. Mu sa harshen da ya zaɓa, mu sa ya rubuta kalmar sirrin da hannunsa ya tafi da ita, mu kuma fita daga asusunsa a kwamfutarmu yana kallo.

Akwai lokaci ɗaya da juyewar harshe ta cancanci a tsorata. In wayarka ba sabuwa ba ce, ba ka taɓa saiti ba, yaro bai ɗauka ba, sai kawai ka buɗe imel a kwamfuta ko birauza ka ga wani harshe, to mai yiwuwa wani ya shiga. Fara maido da harshen don ka ga gabanka. Sannan ka shiga asusun Google ɓangaren Security, ka duba jerin na'urorin da ke ciki, ka fitar da wadda ba ka sani ba. Ka sauya kalmar sirri nan take, ka tabbatar lambar maido da asusu taka ce, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Daga nan ka koma saitin Gmail a kwamfuta, ka buɗe shafin Forwarding, domin masu kutse sukan sa a riƙa tura musu kwafin duk wasiƙar da ta shigo, kuma sauya kalmar sirri ba ya tsayar da wannan. In ka ga adireshin da ba naka ba a wurin, ka cire shi, ka gangara ƙasa ka danna Save Changes.