Darasi: Maganin Kifin Ado Ba Na Kifin Ci Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun haƙa tafki suna kiwon tarwaɗa da karfasa. Idan kifi ya soma mutuwa, hankali yakan tashi, sai mutum ya ruga kasuwa ya sayi duk maganin da aka nuna masa. Wani lokaci kwalbar tana da hoton kyakkyawan kifi ja da fari. Darasinmu na wannan wata a kan irin wannan kwalba ne.

Mene ne kifin ado?

Kifin ado shi ne wanda ake ajiyewa domin kallo kawai. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwon ɗan kifin nan mai launin zinariya. Manoman shinkafa na yankin Nigata a ƙasar Japan kuwa su ne suka fito da wanda ake kira koyi, mai zanen ja da fari da baƙi. Masu hali a Turai da Amurka suna haƙa masa tafki a farfajiyar gida. A shekarar 2018 an sayar da koyi guda ɗaya a Japan a kan yen miliyan 203. Ba wanda zai sa irin wannan kifi a tukunya.

Abin da doka ta ce

A Ingila, dokar magungunan dabbobi ta shekarar 2013 ta ce kafin a sayar da magani sai hukuma ta bincika shi ta ba da izini. Amma an sassauta wa waɗansu magunguna na ƙananan dabbobin gida, kamar tsuntsayen keji da kifin ado. Ana iya sayar da su a kanti ba tare da cikakken izinin nan ba, muddin abin da ke cikinsu yana cikin jerin da hukuma ta yarda da shi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, ba sa cikin sassaucin; su sai likitan dabbobi ya rubuta.

Dalilin sassaucin ɗaya ne: ba a cin waɗannan dabbobi. Shi ya sa za ku ga an rubuta a jikin kwalbar cewa kada a ba kifin da mutane za su ci. Wannan rubutu gargaɗi ne na gaske.

Misalin koren rini

Akwai wani koren rini da Turawa ke kira malakayit girin. An fara haɗa shi a shekarar 1877 domin rina siliki da fata da takarda. Daga baya aka gane yana kashe farin fumfunan da ke fitowa a jikin kifi da ƙwansa, da kuma cutar fararen ɗigo. Yana da araha, yana kuma aiki. Masu kifin ado suna amfani da shi har yau.

Amma idan ya shiga jikin kifi, yakan juye ya zama wani abu marar launi, ya maƙale cikin kitse har watanni. Ido ba ya ganinsa. Dafawa ba ta kawar da shi. Gwajin da aka yi da ɓeraye ya sa masana suna zargin yana iya jawo ciwon daji. Saboda haka Amurka da Kanada da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda a ba kifin ci wannan magani ba. Haka kuma maganin kuloramfenikol: Tarayyar Turai ta hana ba dabbobin ci tun shekarar 1994, gama yakan hana ɓargon waɗansu mutane yin jini.

To, ku duba. Wanda zai ci kifin tafkinmu, ɗanmu ne da maƙwabcinmu da matar da ta saya a kasuwa.

Kwanakin jira

Ko maganin da aka yarda da shi ma yana da kwanakin jira, watau lokacin da za a dakata bayan an gama ba da magani kafin a kama kifi. Jikin kifi yana bin zafin ruwa, don haka magani ya fi saurin fita a ruwa mai ɗumi. Likitocin dabbobi na Turai suna da wani ma'auni na 500: a raba 500 da awon zafin ruwa. Idan zafin ruwa digiri 25 ne, kwana 20 ke nan. Idan sanyin hunturu ya sauko da shi zuwa 20, sai an jira kwana 25.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. Kada a sayi magani sai an ga lambar rajistar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993 domin kula da abinci da magunguna, har da na dabbobi.
2. A karanta takardar duka. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa sakatare.
3. Kada a karɓi garin da aka ƙulla a leda babu suna.
4. Sakatare ya riƙe littafi: sunan magani, ranar bayarwa, da ranar da za a iya kama kifi.
5. Kafin magani, a duba ruwa. Cunkoso da ragowar abinci da ruwa mai wari su ne sukan kawo cuta. A sauya ruwa, a rage abinci, a kira malamin dabbobi.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Me ya sa doka ta sassauta wa maganin kifin ado? Idan zafin ruwan tafkinku digiri 28 ne, kwana nawa za ku jira? Idan ɗan ƙungiya yana bukatar kuɗi da gaggawa, alhali kwanakin jira ba su cika ba, yaya za ku taimake shi don kada ya kai kifin kasuwa?

Kowa ya zo taro mai zuwa da kwalaben maganin da ke ɗakinsa, mu karanta su tare.